Shin sinadaran raino suna tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Wata takwas ke nan da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Har yanzu hannunsa na dama bai dawo ba, magana ma da ƙyar. Wani ya kawo mana tallar allurai da ƙwayoyi, ya ce suna ɗauke da abin da ake kira girot fakta, wai suna farfaɗo da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A makaranta an koya mana cewa akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ba komai ke wuce shi ba. To waɗannan sinadarai suna wucewa? In suna wucewa, ta yaya? 'Yan'uwana suna jiran ta bakina kafin a haɗa kuɗin."

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi.

Tambayarki gida biyu ce. Na farko, ko waɗannan furotin da jiki ke rainon ƙwayoyin halittarsa da su, waɗanda zan riƙa kira sinadaran raino, suna iya fita daga jini su shiga ƙwaƙwalwa. Na biyu, ko abin da ya shiga ya isa ya zama magani. Ta farkon amsarta ita ce wasu suna shiga, kowanne ta ƙofarsa, kaɗan-kaɗan. Ta biyun kuwa, ga mai shanyewar ɓarin jiki, har yau a'a ce. A tsakanin amsoshin nan biyu masu talla ke samun wurin fakewa, shi ya sa zan ɗan ja zancen. Ni malamin ilimin magunguna ne, shekarun da na yi a kan wannan shinge a ɗakin gwaji na yi su tare da ɓeraye. Ba ni ke duba marasa lafiya ba, kuma ban ga Baba ba. Ki riƙe wannan a ranki yayin da kike karantawa.

Abin da ido ke gani

A 1885 wani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi wa dabbobi allurar rini ta jini, ya tarar kusan duk kayan cikinsu sun rine, ban da ƙwaƙwalwa da laka. Ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin a 1913: ya zuba rinin a cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai ita ta rine, sauran jiki bai rine ba. Ashe ba ƙin rini ƙwaƙwalwa take yi ba, wani abu ne ya tare hanya.

Ban manta ranar da na fara ganin haka da idona ba. Mun yi wa ɓera allurar wani shuɗin rini ta jijiyar wutsiya. Cikin 'yan mintuna kunnuwansa da hancinsa da tafin ƙafafunsa duk sun koma shuɗi, kamar hannun marinin da ya wuni a bakin karofi. Daga baya muka wanke jinin da ruwan gishiri, muka buɗe shi. Hanta shuɗiya, ƙoda shuɗiya, hanji haka. Da muka ɗaga ƙoƙon kai, sai ga ƙwaƙwalwa fara sol kamar kindirmo a ƙwarya. Rinin yana manne wa furotin ɗin jini da kika sani, wato albumin, duk inda albumin ya iya ratsawa nan yake bari da launi. Ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta ce masa tsaya nan.

Sai a 1967 Thomas Reese da Morris Karnovsky suka nuna da madubin lantarki inda shingen yake. A jikin siraran hanyoyin jinin ne kansu. A hanta ko ƙoda, bangon waɗannan hanyoyi yana da tagogi da 'yan kafofi. A ƙwaƙwalwa kuwa ƙwayoyin da suka yi bangon an ɗinke su da juna gam da wasu furotin masu aikin zare, ba wata kafa a tsakani. In aka jera hanyoyin nan na ƙwaƙwalwar mutum ɗaya za su kai kimanin kilomita 600, kuma duk tsawon nan a ɗinke yake. Abin da zai shiga dole ya bi ta cikin ƙwayar bangon kanta.

Ƙananan abubuwa masu narkewa a mai suna ratsawa ba tare da neman izini ba. Ana auna nauyin sinadari da dalton, kuma iyakar tana wajen dalton 400 zuwa 500. Kafeyin na shayi da goro 194 ne. Dayazifam da kuke yi wa mai jijjiga 285 ne, shi ya sa kike ganin aikinsa nan take. Sukari ba ya narkewa a mai, don haka an yi masa 'yan dako na musamman a jikin bangon. Yanzu ki auna da sinadaran raino. IGF-1, wanda yake cikin ƙanana, 7,600 ne. NGF, mai rainon jijiyoyi, wanda Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka gano har suka samu kyautar Nobel a 1986, ya kai wajen 26,000. BDNF, wanda ƙwaƙwalwa ke rainon jijiyoyinta da shi, wajen 27,000. Babu ɗayansu da zai ratsa bango da ƙarfin kansa.

Ƙofofin da suke bi

Babbar hanya ita ce wadda nake kwatanta wa ɗalibaina da fito. A gefen bangon da ke kallon jini akwai makarɓa, kowane makarɓi da fasinjan da ya sani. Fasinja ya zo ya manne, sai fatar ƙwayar ta lotsa ta naɗe shi a wata 'yar jaka, jakar ta ratsa cikin ƙwayar kamar kwale-kwale, ta sauke shi a ɗaya gaɓar. Haka insulin ke shiga. Haka transferin, furotin da ke dakon sinadarin ƙarfe, ke kai wa ƙwaƙwalwa kayansa. Amma ba kowace jaka ke isa ba. Wasu ana komar da su gaɓar da suka baro, wasu ana tura su wurin da ƙwayar ke narkar da shara.

Abin da ya fi muhimmanci game da fiton nan shi ne kwale-kwalen ƙidayayyu ne. In suka cika, sun cika. An nuna a ɓeraye cewa ƙofar insulin tana kusan cika tun da adadin da jiki ke fitarwa a yau da kullum. Ki ninka allura sau goma, abin da zai ƙaru a ƙwaƙwalwa ɗan kaɗan ne, ragowar tana nan a jini tana aiki a kan hanta da tsoka da ƙoda, inda ba a aike ta ba.

IGF-1 shi ne wanda aka fi fahimtar tafiyarsa, kuma ni ina son labarinsa domin yana nuna cewa shingen yana da lura. Mafi yawan IGF-1 na jini hanta ce ke yin sa. Ba ya yawo shi kaɗai. Kusan dukkansa a ɗaure yake da wasu furotin masu riƙo, galibi a dunƙule ɗaya mai nauyin dalton 150,000, wanda ba ya fita daga hanyar jini. Masu bincike a ɗakin gwajin Ignacio Torres-Alemán a Madrid sun nuna a 2000 cewa ɓerayen da aka sa su gudu suna jan IGF-1 daga jini zuwa ƙwaƙwalwa fiye da na zaune. A 2010 suka ƙara gano yadda abin ke faruwa: in wani yanki na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jini yana ƙaruwa a wurin, sai a saki wani sinadari mai aikin almakashi ya yanke abin da ke riƙe da IGF-1, ya kuɓuta, makarɓi ya ɗauke shi ya tsallakar a daidai wurin da ake aikin. Wato ƙwaƙwalwa ce ke yin odar kayan, a unguwar da take bukata, a lokacin da take bukata. Allura ba ta san wannan tsari ba.

A nan zan ɗan ratse. Yaron da ke fama da tamowa, IGF-1 na jininsa yana faɗuwa ƙasa sosai, domin hanta ba ta yin sa yadda ya kamata in babu abinci mai gina jiki. Duk lokacin da na koyar da wannan darasi sai na tuna cewa hanya mafi tabbas ta ɗaga wannan sinadari a jikin yaranmu tana cikin tukunya: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi.

Akwai hanya ta biyu da ba ta bukatar makarɓi na musamman. Fuskar bangon tana ɗauke da cajin lantarki, wasu sinadaran raino kuma kamar FGF-2 suna ɗauke da kishiyarsa, sai su manne kamar ƙarfe da maganaɗisu, a haɗiye su. Matsalar ita ce haka suke manne wa hanyoyin jinin hanta da ƙoda da huhu, mafi yawan allurar can take ƙarewa. Wasu kuma, kamar iritirofoyetin da ake yi wa masu ciwon ƙoda don ƙarin jini, suna sulalewa a hankali ƙwarai, abin da ke isa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Akwai kuma wuraren da ake tace ruwan ƙwaƙwalwa, da wasu 'yan tsirarun wurare da ba su da shinge, kamar cibiyar da ke sa amai. Amma shiga ruwan ƙwaƙwalwa ba shiga ƙwaƙwalwa ba ne. Ruwan bai wuce mililita 150 ba, ana yin sabo wajen mililita 500 kullum, yana wanke abin da ya faɗa cikinsa ya komar da shi jini kafin ya nutsa ko da 'yan milimita a cikin naman. GDNF kuwa, wani sinadarin rainon jijiyoyi da aka sa wa rai sosai kan cutar makyarkyata ta Parkinson, an gwada shi a ɓeraye masu lafiya a 2003 aka ga ba ya shiga.

Inda masana suka saɓa

BDNF ne aka fi ambata a tallace-tallace, kuma a kansa aka fi jayayya. A 1998 Weihong Pan da William Banks da Abba Kastin a Amurka sun ba da rahoton cewa yana da ƙofarsa a ɓeraye. William Pardridge na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka ce abin da ke shiga bai taka kara ya karya ba, kuma jini yana kawar da shi cikin 'yan mintuna.

Na san yadda irin wannan saɓani ke tasowa, domin na taɓa faɗawa ramin. Yadda ake gwajin shi ne a liƙa wa furotin ɗin alamar aidin mai fitar da haske da na'ura ke ƙirgawa, a yi allura, a jira, a cire ƙwaƙwalwa a ƙirga. Wata rana na samu lamba mai girma a kan wani furotin, na kwana ina murna. Shugabar ɗakin gwajinmu ta dubi takardar, ta yi mini tambaya biyu cikin natsuwa: ka wanke jinin sosai? Ka raba hanyoyin jinin da naman ƙwaƙwalwar? Na koma na niƙa ƙwaƙwalwar, na juya ta a na'ura cikin ruwa mai kauri har hanyoyin jinin suka kwanta a gindin kwalba kamar ɗan jan zare, naman ya taso sama. Da na ƙirga kowanne daban, kusan duk hasken yana cikin jan zaren nan. Furotin ɗin ya manne a bango ne, bai tsallaka ba. Akwai ma tarko na uku: hanta tana iya farfasa furotin ɗin, aidin ɗin ya ɓalle shi kaɗai ya shiga, na'ura kuma ba ta bambance alama da mai alama. Tun daga ranar, in na ga an rubuta cewa wani abu "yana shiga ƙwaƙwalwa", sai na nemi nawa ya shiga, ko da ransa ya shiga, kuma ina ya tsaya.

Haka kuma gwajin jini da ake cewa yana auna BDNF na ƙwaƙwalwa. A jikin mutum, mafi yawan BDNF na jini a ajiye yake cikin ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Lambar da aka samu ta fi ba da labarinsu fiye da na ƙwaƙwalwa.

Abin da ya faru da aka gwada a kan mutane

Wannan ɓangaren ne ke taɓa zuciyata, domin mutanen kirki sun ba da jikinsu da fatan samun sauƙi. An yi wa mutum 1,135 masu cutar shanyewar jijiyoyin motsi ta ALS allurar BDNF ko ta bogi, aka fitar da sakamako a 1999, bai taimaka ba. A Suwidin an zuba NGF kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwar mutum 3 masu cutar mantuwa ta Alzheimer, suka samu ciwon baya mai tsanani da rama. GDNF, tunda ba ya wucewa, sai likitoci a Bristol ta Ingila suka huda ƙoƙon kai suka dasa siraran bututu har cikin yankin da ya lalace. A sakamakon 2019 hoton ƙwaƙwalwa ya nuna alamun farfaɗowa, amma a ma'aunin da aka tsayar tun farko, waɗanda aka ba maganin ba su yi wa waɗanda aka ba na bogi fintinkau ba.

A kan cutar Baba kanta, an gwada FGF-2 a ƙarshen shekarun 1990 aka dakatar. An gwada G-CSF, mai ƙara fararen ƙwayoyin jini, a kan mutum 328, sakamakon 2013 bai nuna amfani ba. Mafi ɗaga hankali shi ne gwajin iritirofoyetin a Jamus a kan mutum 522, wanda aka wallafa a 2009: cikin waɗanda aka ba maganin kimanin kashi 16 cikin 100 sun rasu, cikin waɗanda ba a ba ba kashi 9. Kuma ki lura, duk waɗannan an yi su ne a sa'o'in farko bayan bugun da ya jawo shanyewar, lokacin da shingen ya tsage a wurin da abin ya faru. Bayan wata takwas galibin wannan tsagar ta rufe.

Tsagewar shinge ma ba abin murna ba ce. Ke da kika yi jinyar masu sanƙarau da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa kin san abin da ke biyo baya: ruwa ya kwararo, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon da ba ya buɗewa. Ɗaya daga cikin masu buɗe shingen ma sinadarin raino ne, VEGF, wanda tun a 1983 aka fara saninsa a matsayin mai sa hanyoyin jini yoyo. Sinadarin da ke ce wa ƙwayar halitta ta girma kuma bai san ta kirki da ta ciwon daji ba, wannan ma dalili ne da ba a wasa da su.

Ba a zauna ba. Dabarar da ta fi ba ni fata ita ce goya kaya a bayan fasinjan da kwale-kwale ya sani. Tun a 1993 aka ɗaura NGF a jikin wani furotin mai kama makarɓin transferin, aka ga ya tsallaka a ɓeraye. Aka daɗe ana tuntuɓe, har aka gane a 2011 cewa in riƙon ya yi ƙarfi da yawa fasinjan ba ya sauka, sai an sassauta. A 2021 Japan ta amince da maganin farko da ke bin wannan hanya, na wata cutar gado ta yara da ake kira Hunter. Abin da yake dako ba sinadarin raino ba ne, amma ya tabbatar da cewa hanyar tana ɓullewa a jikin mutum. A Toronto ta Kanada tun 2015 ake gwada buɗe shingen na 'yan sa'o'i a wuri guda da sautin da kunne ba ya ji. Ana gwada fesawa ta hanci. A 2023 kuma Amurka ta amince da wani magani na cutar Rett, wata cutar ƙwaƙwalwa ta yara, da aka ƙera daga ɗan guntun IGF-1. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka tabbatar wa mai shanyewar ɓarin jiki.

Abin da za ki gaya wa 'yan'uwa

Ƙwayoyin sha su ne mafi sauƙin yankewa. Sinadarin raino furotin ne, ciki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Duk mai ciwon suga ya san dalilin da ya sa insulin allura ce ba ƙwaya ba. Allurar kuma, ki karanta kwalin da kyau. In irin Cerebrolysin ce, wadda ake yi a Ostiriya, ku sani daga ƙwaƙwalwar alade ake tace ta, kuma bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken magunguna, ta yi a 2020 ba ta ga tana rage mutuwa bayan bugun ba, har ta ga alamar ƙarin munanan illoli. In kuwa kwalin ba ya faɗin abin da ke ciki, ko ba shi da lambar NAFDAC, ba ma sai an tsaya muhawara ba. Furotin na gaske ma sai an ajiye shi a sanyi, wanda ya wuni a jakar mai talla cikin zafin nan ya riga ya lalace.

Da ni ne, kuɗin nan wurin masu gashi, wato masu motsa gaɓoɓin marasa lafiya a asibiti, zan kai su. Ƙwaƙwalwa tana yin nata BDNF a ciki, a bayan shinge, kuma abin da ke sa ta yi shi shi ne aiki. Duk sanda Baba ya yi ƙoƙarin ɗaga kofi da hannun daman nan, ko jan carbi, ko maimaita sunayen jikokinsa, yankin da ya rage da rai yana motsawa yana ƙulla sabbin hanyoyi. Yawancin bayanin yadda hakan ke faruwa daga dabbobi muka samo shi, amma amfanin gashi da maimaita motsi an gan shi a kan mutane. An fi samun ci gaba a wata uku zuwa shida na farko, sai dai ƙofa ba ta rufe a wata takwas ba, tafiyar ce ke zama a hankali. Sannan a tsare kada abin ya sake dawowa: awon hawan jini a kai a kai, shan maganin ba fashi, duba suga, rage gishiri da dunƙulen miya. Ko ya dace ya sha asfirin ko bai dace ba ya danganta da irin bugun, na toshewa ne ko na fashewar jijiya, wannan kuma likitan da ya ga hoton kansa ne zai faɗa.

In har an riga an sayi wani abu daga cikin kayan, kada a yi masa allurar. Ki ɗauki kwalin da takardar cikinsa ki kai wa likitansa ranar da za ku koma asibiti. Ki gaida Baba da jiki.